Modem na faks: yadda kalma ɗaya ta tsayar da rabon gado a Sakkwato

Bayan an share makokin wani Alhaji, tsohon dillalin fata da ƙirgi a nan Sakkwato, iyalansa suka zauna lissafin abin da ya bari. Gidaje da gonaki da shanun da ke hannun makiyaya ba su ba kowa wahala ba, don kowa ya san su, kuma akwai shaidu. Abin da ya tsayar da aikin har mako biyu layi ɗaya ne a cikin wani tsohon littafin kaya mai baƙin bango, inda akawun marigayin ya rubuta da biro, da Turanci: Fax Modem, guda 1. An maƙala rasit a gefen shafin da allura, allurar ta yi tsatsa har ta ci takardar. Kuɗin da ke jikin rasit ɗin ba kaɗan ba ne a zamanin da aka saye shi.

Akawun ya riga maigidansa rasuwa da shekaru. Wanda ya rage daga mutanen shagon dattijo ne guda, wanda tun yana saurayi yake shanya fata yana zuba mata gishiri, har ya zama shi ke riƙe da makullan sito. Bai yi boko ba. Kowa a gidan Baba yake ce masa, har matan marigayin.

Ƙanen marigayin, wanda yaran ke kira Baffa, shi ya jagoranci ƙidayar kaya. Da ya ga kalmar faks a littafi sai ya tuna injin da ya saba gani a ofisoshi da bankuna, mai kan waya a gefe, ana zura masa takarda ta sama tana fitowa ta ƙasa. Ya tuna kuma wansa yana yawan ce wa abokan ciniki na Kano su turo masa ta faks, ga tsohon katinsa na kasuwanci ɗauke da lambar faks mai farawa da 060. Aka bincike sito kaf, ba a ga inji mai wannan kama ba. Babu wanda ya buɗe baki ya ce Baba ya ɗauka, amma an tambaye shi sau uku a zama uku, a na ukun kuma aka ce ya ajiye makullai tukuna. A garin nan wannan ya isa. Matarsa ta daina shiga gidan, shi kuma ya koma yin salla a wani masallaci.

Babban ɗan marigayin ne ya zo shagona, inda nake gyaran kwamfuta, ya ce in zo in duba musu wasu tarkace ko akwai mai sauran amfani. Bai gaya mini zancen Baba ba sai da muka hau hanya.

Na tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar sito, ga malamin da ke rabon, ga Baffa, ga 'ya'ya maza, Baba kuma yana can gefe a tsugune. Baffa ya miƙo mini littafin ya ce, "Injiniya, dubi wanga rubutu ka gaya muna mi anka rubuta nan, kuma nawa shi kai yanzu kasuwa." Na karanta, na ce a nuna mini duk abin da aka samu mai igiyar wuta. Aka jawo wani kwali da aka ware wa 'yan gwangwan. A cikinsa, ƙarƙashin matattun fitilu da wata tsohuwar rediyo, na ga ɗan akwatin roba mai ruwan toka, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. A goshinsa akwai jerin ƙananan fitilu. A bayansa akwai ramin wuta, da wata kafa mai faɗi ta haɗawa da kwamfuta, da ƙananan ramuka biyu masu kusurwa huɗu, an rubuta Line a kan ɗaya, Phone a kan ɗayan. Na goge ƙurar ƙasansa da babban yatsa, sai ga takardar kamfani: Data/Fax Modem, 56K. Lambar da ke jikinta ita ce a rasit, harafi da harafi.

Na ce, "Baffa, ga abin da kuke nema." Ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Wanga? To ina takarda ka shiga?"

Tambayar tasa daidai take, kuma a kanta duk rikicin ya tsaya. Kalmomi biyu aka haɗa a sunan. Faks guntun wata kalma ce mai asali daga Latin, fac simile, wato "yi irinsa": a aika hoton takarda ta waya, irinta ta fito a wani gari. Modem kuma an ƙera ta ne daga kawunan kalmomin Turanci biyu, ɗaya na nufin mai mayar da bayanai sauti, ɗayar mai mayar da sauti bayanai. Layin wayar girke, wato tarho mai igiya, don muryar ɗan Adam aka shimfiɗa shi, sauti kawai yake ɗauka. Kwamfuta kuwa ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Modem shi ne tafinta a tsakani: ya karɓi lambobin kwamfuta ya rera su a cikin waya, ɗan'uwansa da ke can ƙarshen layi ya saurara ya mayar da su lambobi. Duk wanda ya taɓa buga lambar faks bisa kuskure ya ji wannan shewa mai huda kunne. Mai kira yana sakin sauti mai kaɗawa sau 1,100 a daƙiƙa, yana maimaitawa bayan kowace daƙiƙa 3, mai amsawa ya mayar masa da mai kaɗawa sau 2,100, daga nan su daidaita saurin da layin zai iya ɗauka.

Injin da Baffa ya sani abubuwa huɗu ne a jiki ɗaya: sikana mai karanta takarda, firinta mai fitar da ita, kan waya, da modem a ɓoye a ciki. In aka ɗebe ukun farko aka bar tafintan shi kaɗai, shi ne modem na faks. Sauran aikin kwamfuta ke yi. Akawu zai buga wasiƙa a kwamfuta, maimakon ya tura ta firinta sai ya tura ta modem, ta fito a injin faks na Kano ko Legas. In aka turo daga can, modem ya amsa kira, takardar ta bayyana a fuskar kwamfuta, in ana so a buga ta a firinta. Takarda ba ta shiga cikinsa, ba ta fita daga cikinsa. Wani irinsa ma ba akwati ba ne, kati ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, ba a ganin komai nasa sai ramukan nan biyu a baya.

Sai a lokacin Baba ya ɗago kai. Ya ce, "Ɗana, abin da ni ka hwaɗa masu ke nan tun hwarko. Ni ban taɓa ganin injin faks cikin wanga shago ba. Takarda ga firinta ta ka hitowa, in ɗauka in kai ma Alhaji. Abin da nig gani shi ni ka hwaɗi."

Baffa bai saki nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba, amanar marayu ce a wuyansa. Ya buɗe wani fayil ya zaro takardu masu santsi, sirara, masu naɗewa da kansu, irin waɗanda injin faks kaɗai ke fitarwa. Ya ce in babu inji a shagon, daga ina waɗannan? Na ɗaga ɗaya a rana. Ta zama ruwan ƙasa-ƙasa, rubutun ya gudu, sai inuwar layuka. Irin wannan takarda ba tawada ake zuba mata ba, wani sinadari ne a fuskarta da ke yin baƙi in zafi ya taɓa shi, shi ya sa ba ta jure ajiya, balle a sito mai rufin kwano a zafin Sakkwato na watan Afrilu. Rasit ɗin na'urar POS da ke goge kansa a aljihu ɗan gidansu ne. Amma da na juya bayanta sai ga hatimi na tawadar gaske, shuɗi, bai goge ba: na wani shagon buga takardu ne a cikin gari, da kuɗin karɓar shafi an rubuta da hannu. Duk sauran ma haka. Kafin Alhaji ya sayi nasa, can ake karɓar masa saƙo a biya. Malam ya karɓi takardun ya duba bayansu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye, ya ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, don autan gidan, ɗalibi ne, tun da ya ji an ce modem idonsa ke kan akwatin. Ya ce in dai modem ne a sa masa a rabonsa, ya sa sim ya riƙa shiga intanet. A nan na ga ɗaya gefen matsalar. Baffa ya riƙe rabin sunan na farko ya ba shi ma'anar da ya sani, auta ya riƙe rabi na biyu ya ba shi ma'anar zamaninsa. A bakin mutanenmu yau, modem shi ne ɗan abin nan mai kama da filashi da kamfanonin waya suka yi ta sayarwa ana soka wa laftof, daga baya sunan ya koma kan ƙaramin akwatin aljihu mai raba intanet ga wayoyi, har da babban na ɗaki mai eriya. Duk suna cin sim. Ba kuskure ba ne a kira su modem, don su ma aikin tafinta suke yi, tsakanin kwamfuta da iskar da ke zuwa daga dogon ƙarfen sabis. Sai dai kalmar ta tashi daga kan wani abu ta sauka kan wani a cikin shekaru ƙalilan, ba tare da kowa ya lura ba, tsohon abin kuma ya rasa suna. Na miƙa wa yaron na ce ya nemo inda sim zai shiga. Ya juya, ya juya, ya ajiye.

Wannan akwati ba ya aiki sai da igiyar wayar girke mai rai, wadda in ka ɗaga kan waya za ka ji tana gunji. Ko an yi dabara an haɗa shi da layin salula ba ya tafiya yadda ya kamata, domin salula tana matse murya tana zubar da abin da kunnen mutum bai damu da shi ba, abin da take zubarwa kuwa a cikinsa saƙon modem yake. Ko da an samu layin ma, 56K ɗin da ke jikinsa iyakar gudunsa ke nan a intanet, wato ƙwayar bayani dubu 56 a daƙiƙa, kuma da wuya ya kai. Hoto ɗaya na wayar yanzu mai nauyin megabait 3 zai ci fiye da minti 7 kafin ya sauka. Ta ɓangaren faks gudun bai kai haka ba, yawanci 14,400 ne ko 9,600, amma ya wadatar, don faks baƙi da fari kawai ya sani: yana yanka shafi layi-layi, kowane layi ɗigo 1,728, ya faɗi wanne ne baƙi wanne ne fari. Shafi guda ba ya cika cin minti ɗaya.

Ina jan kunne a nan don na ga waɗanda abin ya ci. Har gobe ana sayar da sababbin modem na faks a kasuwannin intanet, ƙanana masu kan USB, da araha, hotonsu kamar na mai cin sim. Wanda ya ga araha ya yi oda, abin da zai iso masa ramin igiyar waya ne da shi. Haka tsofaffin laftof ɗin da ake kawowa na hannu: ramuka biyu ne a gefensu masu kama da juna, mai faɗin na igiyar intanet ne, ƙaramin na modem ne, ba shi da aikin yi a nan yanzu.

Ana yi wa faks kallon abin jiya-jiya, alhali ya girmi tarho. Alexander Bain, mutumin Sikotland, ya yi rajistar dabarar aika hoto ta waya a 1843, shekara 33 kafin Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho a 1876, kuma a 1865 har an buɗe hidimar aika irin wannan saƙo tsakanin Faris da Liyon a Faransa da na'urar Giovanni Caselli. Abin da ya watsa shi duniya shi ne ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya ta tsayar a 1980, wadda ta sa injin kowane kamfani ke jin yaren na kowane. A Najeriya kuwa gatan 'yan kaɗan ne. NITEL, ma'aikatar waya ta gwamnati da aka kafa a 1985, ita ke da layukan, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sama da miliyan 100. Ɗan kasuwar da ke da layi a shagonsa a Sakkwato, har da lambar faks a kati, ba ƙaramin mutum ba ne. Fatar jar akuyarmu ana nemanta har Turai, majemun Sharaɗa da Challawa a Kano kuma ba sa jiran mai jinkiri, farashi na iya juyawa kafin wasiƙa ta iso a mota. A watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki, cikin 'yan shekaru wayar girke ta zama kayan ado a kan tebur. An sayar da kadarorin NITEL a 2015. A Japan da Jamus da asibitocin Amurka faks bai mutu ba har yanzu, shi ya sa ake ci gaba da ƙera irin wannan modem. A nan dai hanyar da yake bi ce ta shafe. Da na samo adafta na ba shi wuta, fitilarsa ta kama ja tangaram, lafiyarsa ƙalau.

Na gaya wa malam gaskiya: kada a sa masa kuɗin rasit, kada a sa masa rabinsa. Duk magajin da aka lissafa wa shi a matsayin dukiya an zalunce shi.

Sanin ma'anar sunan ne ya sa na yi tambayar da ta fi duk abin da na yi a ranar amfani. Inda injin faks ne, saƙon da ya karɓa yana kan takarda, takardar kuma ta goge. Tunda modem ne, saƙon a cikin kwamfuta ya sauka. Na ce ina kwamfutar da yake haɗe da ita? Baba ya tashi ba tare da an ce masa ba, ya shiga sito ya jawo ta daga bayan buhunan gishiri, fara ce da ta koma ruwan ƙwai, ita ma an yi niyyar a auna ta a kilo. Ban yarda na kunna ta ba. Na kwance ta a gabansu, na ciro rumbun ajiyarta, irin na da mai allura 40, na ce babban ɗan da Baffa su biyo ni shago a buɗe a idonsu. Rumbun da ya shekara wajen ashirin a kwance yana iya tashi sau ɗaya ya ƙi na biyu, don haka da na ji ya fara juyawa ban tsaya karanta komai ba sai da na kwashe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri.

Windows XP ce a kai, ita kuwa tana ajiye faks a matsayin hoto, irin fayil ɗin da ake kira TIF, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa har yau. Ga na shigowa a jaka ɗaya, ga na fita a wata. A saman yawancin shafukan akwai ɗan siririn layi da injin mai aikowa ke bugawa: kwanan wata, lokaci, da lambarsa. Mafi yawa 064 ne, Kano, sai 01 na Legas jefi-jefi. Farashi ne, da takardun lodi, da ƙorafin cewa wani kaya ya zo da ƙarancin gishiri. Takardu biyu ne suka sa Baffa ya gyara zama.

Ta farko daga Kano, tana nuna ragowar kuɗin marigayin a hannun wani. Aka bincika, mutumin yana raye, ya fito da takardar banki ta nuna ya biya tun a lokacin. Ta biyun da hannu aka rubuta ta, da ajami, lambar da ke samanta ta fara da 227, Nijar ke nan. Faks bai damu da irin rubutu ba tunda hoto yake ɗauka, boko da ajami da hatimi da dangwale duk ɗaya ne a wurinsa, kuma wannan na cikin abin da ya sa 'yan kasuwarmu suka karɓe shi hannu biyu. Babban ɗan ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa a fuskar kwamfuta. Wani mai kawo fata ne daga Ƙonni yake gaishe da Alhaji, yake tuna masa cikon kuɗin kaya, ya faɗi adadin da sefa. Muka duba jakar fita ko an ba shi amsa, ba mu ga komai ba. Bayan wannan takarda saƙonni kaɗan ne suka ƙara shigowa.

Malam ya ce hoton takarda shi kaɗai ba ya tabbatar da bashi, ba ya kuma kore shi, amma tunda an gani wajibi ne a bincika kafin a raba ko da allura, don bashi ke gaba, sannan wasiyya, sannan gado. Aka rasa wanda ya san mutumin. Baba ya ce ya san shi, ya san gidansa, shi ya sha sauke masa kaya. Shi da babban ɗan suka bi ta Illela suka tsallaka. Mai takardar ya rasu, amma ɗansa ya fito da littafin mahaifinsa, ga sunan Alhaji, ga adadin daidai da na faks, ba a soke shi ba. Ya ce sun san da shi, nauyin baki ne ya hana su tayar da maganar. Malam ya ce da sefa aka ci bashin, da sefa za a biya. Aka canza kuɗi aka kai.

Ina ganin inda aka fara kuskure tun a littafin ne. Akawun, Allah ya jiƙansa, ya kwafi sunan da ke jikin kwali bai ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba, don a ranar kowa a shagon ya san abin da ake nufi. Littattafan kaya na shaguna da makarantu da ofisoshi a garin nan cike suke da irin waɗannan sunaye, kuma masu karanta su yanzu ba su ne suka rubuta ba. Ni in an tambaye ni da Hausa, inji mai cin takarda shi nake kira injin faks, mai cin sim in ce modem na sim, wannan kuwa modem na wayar girke, ko modem na faks in ana son a bi sunansa na asali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an yi mako biyu ana zargin mutum a kan kalmar da babu ko ɗaya a cikin masu zargin da ya tabbatar da ma'anarta, alhali masu gyara suna nan birjik a gari, tambayar minti biyar ce.

Ranar da aka koma zama, Baffa ya sa aka kira Baba, aka kira maƙwabtan da suka ji maganar farko. Ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma ɗaya da shi ya ce, "Baba, mun zalunce ka, ni na ja gaba. Ka yahe muna don Allah." Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya yafe, Allah ya jiƙan Alhaji.

Malam ya sa aka ja layi a kan tsohon rubutun akawu, aka rubuta a ƙarƙashinsa da Hausa: na'urar haɗa kwamfuta da wayar girke don aika faks, guda 1, an same ta a sito, tana kama wuta, babu layin da za ta hau, ba a sa mata kuɗi ba. Ni na sa hannu a matsayin wanda ya duba, Baba ya dangwala yatsa a gefen nawa. Babban ɗan ya ɗauko makullan sito daga gaban malam ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce akwai sauran fata a ciki da ke son a juya ta kafin la'asar.